Ƙarfen Jan Tirela a Bayan Mota: Tambayoyin da Masu Motoci a Zariya Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi daga bakin masu ƙananan motoci suka fito, mutanen da ke son jan ƙaramar tirela don harkarsu ta yau da kullum: manomin da ke kai taki gonarsa ta hanyar Shika ko Giwa, mai ba da hayar kujeru da rumfunan biki a Tudun Wada, mai kiwon kaji da ke jigilar abinci da ruwa. Ba maganar manyan tireloli ake yi ba. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga cikin aikin, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna.

Mene ne ƙarfen ja, kuma me ya bambanta shi da ƙugiyar da ke ƙarƙashin bamba?

Ƙarfe ne mai kauri da ake ɗaurewa a ƙashin mota ta baya, ya kama gefen hagu da na dama, a tsakiyarsa kuma akwai inda bakin tirela ke kamawa. Iri biyu ake gani a titunanmu. Na Turai wuya ne lanƙwasasshe da ƙwallon ƙarfe a kansa, irin wanda ke zuwa a bayan wasu Golf da Sharan 'yan Beljiyam. Na Amurka bututu ne mai kusurwa huɗu, ana zura masa sandar da ke ɗauke da ƙwallo, a tokare ta da fil.

Ita kuwa ƙugiyar ƙarƙashin bamba an yi ta ne don a ja motar idan ta lalace, ko a ɗaure ta a cikin jirgin ruwa. Ba a yi ta don ɗaukar nauyin da ke danna bayan mota ƙasa ba, ba a kuma yi ta don fizgar da tirela ke yi a duk taka birki ba. Kada a rataya mata tirela.

Ta yaya zan san ko motata za ta iya jan tirela?

Littafin motar ne ke faɗa, kuma wannan ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a kashe ko kwabo. Yawancin motocin da ake shigo da su ba sa zuwa da littafinsu, amma kamfanoni irin su Toyota da Honda sun sa littattafan a shafukansu na intanet, sai ka nemi na ƙirar motarka da shekararta. Idan 'yar Turai ce, akwai ƙaramin allo a jikin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet mai lambobi a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya saura shi ne gwargwadon tirelar da aka yarda ta ja.

Akwai motocin da littafinsu ya ce kada a ja komai da su, musamman wasu ƙananan motoci na baya-bayan nan masu giyar CVT, wato wani nau'in giyar atomatik. Za ka iya samun ƙarfen da ya dace da irin wannan mota a kasuwa, domin a can ƙasashen ana ɗaura shi don ɗaukar keke. Samun ƙarfen bai mayar da motar mai jan kaya ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne: mota tana da iyakarta, ƙarfen ja yana da tasa, ƙwallo yana da tasa, tirela ma haka. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Ƙarfe mai ɗaukar tan biyu a bayan motar da aka yanke wa kilo 700, kilo 700 ɗin nan dai shi ne magana.

Ina ganin ana rubuta aji na ɗaya, na biyu, na uku. Buhu nawa ke nan?

Wannan rabon ƙarfen ja ne na Amurkawa, kuma da fam suke auna nauyi. Aji na ɗaya yana ja har fam 2,000, wato kusan kilo 900. Aji na biyu fam 3,500, kusan kilo 1,590. Dukansu bututunsu inci ɗaya da kwata ne. Aji na uku bututunsa inci 2, kuma yana ja har wajen fam 5,000, kusan kilo 2,270, wasu ma sun fi haka. Shi ake gani a bayan Sienna da Highlander da motocin a-kori-kura.

Sai dai lissafin ya haɗa da nauyin tirelar kanta. Idan iyakarka kilo 900 ce, tirelar kuma da mai walda ya ƙera maka ta kai kilo 300, saura kilo 600: buhun taki ko siminti 12 ke nan, ko buhun masara mai kilo 100 guda 6. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa idan ya cika tan ɗaya ne cur, ban da tankin da tirelar. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, su ga tanki ɗaya ne kawai, su manta ruwa nauyi gare shi. A Turai doka ba ta barin tirelar da ba ta da birkin kanta ta wuce kilo 750, kuma tunda kusan duk ƙananan tirelolin da ake ƙerawa a nan ba su da birki, wannan lamba ce da ta cancanci a yi aiki da ita.

Me zai hana in kai wa mai walda ya haɗa mini ɗaya a jikin motar? Ai ya fi araha.

Ya fi araha, kuma ba raina masu walda ake yi ba. A Sabon Gari da Tudun Wada akwai masu hannu ƙwarai, su ne ma ke ƙera tirelolin da ake ja. Matsalar daga jikin motar take. Hilux da ire-irenta suna da shasi mai kauri da gangar jiki ke zaune a kai. Camry, Corolla, Golf, Sienna duk ba haka suke ba: jikinsu da ƙashinsu abu ɗaya ne, faranti ne siriri da aka naɗe aka ɗinke. Zafin walda yana raunana irin wannan ƙarfe, yana ƙone fentin da ke tsare shi daga tsatsa ta ciki inda ido ba ya kaiwa, ga tankin mai da wayoyi a kusa. Waldar za ta iya zama garau, amma farantin da ke gefenta ya tsage bayan wata shida na ramukan hanya.

Ƙarfen da aka yi don motarka kuwa galibi a ramukan da masana'anta ta riga ta tanada yake ɗauruwa, wuraren da aka ninka ƙarfe don ɗaukar wannan nauyi, kuma an gwada shi an rubuta iyakarsa a jikinsa. Na walda ba wanda ya gwada, ba wanda zai gaya maka inda ƙarfinsa ya tsaya. Ranar da za a gane ita ce ranar da ya balle, kuma tirelar da ta kuɓuce a hanyar Funtuwa ba mai motar kaɗai take cutarwa ba, ga 'yan acaba ga yara a bakin titi. Araha ba ta ado.

Mafi muni shi ne a liƙa ƙwallo a jikin ƙarfen bamba. Wannan ƙarfe an yi shi ne ya lotse idan an yi karo, ba ya jure ja ba.

A ina ake samun wanda aka yi don motata?

Hanya biyu ce. Ta farko na hannu: Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake samun waɗanda aka kwance daga motocin da aka shigo da su. Ga mai Golf ko Sharan ko Sienna wannan ya kan fi sauƙi. Ka je da motar a gwada ramukan a gabanka. Ka duba ko ya lanƙwashe, ko akwai tsagewa a bakin walda, ko an taɓa gyara shi da wuta. Wanda aka gyara ka bar shi. Ka nemi ƙaramin allon da ke jikinsa. A na Turai za ka ga harafin S da lamba, ita ce kilo nawa aka yarda su danna ƙwallon ƙasa. Ka kuma dage a ba ka duk ƙananan farantan da ke tare da shi, don sau da yawa ana barinsu a jikin motar da aka kwance.

Hanya ta biyu oda daga waje. Curt, Draw-Tite da Reese sanannu ne ga motocin Amurka. Westfalia, Brink da Bosal ga na Turai.

Idan zan yi oda, me zan tanada don kada a aiko mini da wanda bai dace ba?

Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Harafi ko lamba ta goma a motocin Amurka ita ke nuna shekarar ƙira, kuma ita ce abin dogaro, ba shekarar da dillali ya faɗa ba. Sannan ka san don wace kasuwa aka ƙera motar, domin Corolla ta Amurka da ta Turai na iya zama shekara ɗaya amma bayansu daban. Ka lura ko salun ce ko wagon, salansa ɗaya ce ko biyu, safaya a cikin but take ko a ƙarƙashi.

Kafin ka biya kuɗi, ka sauke takardar ɗaurawa daga shafin kamfanin, ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka nemi ramukan da zanen ya nuna. Wannan mataki ne mai muhimmanci a wurinmu, saboda motoci da yawa sun taɓa yin hatsari ta baya kafin a shigo da su, fanal bita ya miƙar. Idan ƙashin ya karkace ko an yi masa faci, maganar ƙarfen ja ta tsaya sai an gyara.

Ƙarfen yana da nauyi da faɗi, don haka kuɗin jirgin sama na iya wuce kuɗin kayan. Ta ruwa ya fi sauƙi amma sai an yi haƙurin makonni, ga kuɗin kwastan, ga na aiko shi daga Legas. Tunda mayar da kaya ba abu ne mai yiwuwa ba, ka haɗa komai a oda ɗaya: ƙarfe, sandar ƙwallo, ƙwallo, fil da wayoyin fitila. Dubi amsar ƙwallo da ta wayarin kafin ka zaɓa.

Ƙwallo ai ƙwallo ne, ko akwai bambanci?

Akwai. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 daidai yake da milimita 50.8, don haka a ido ba a bambanta shi da na Turai. Bakin tirela mai inci 2 zai zauna a kan ƙwallo mai milimita 50 da ɗan sako-sako, ya yi ta ƙara yana cin ƙwallon. Girman a rubuce yake a kan ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar, su zama iri ɗaya. Ƙwallon Turai da ya cinye ya koma ƙasa da milimita 49 ya gama aiki.

Zan iya ɗaurawa da kaina, ko sai bakanike?

Wanda ya saba canza taya da baƙin mai zai iya, muddin ƙarfen na motar ne kuma ba ya buƙatar huda. Ana buƙatar sifanonin soket, burushin waya, man kwance tsatsa, tocila, sifana mai ma'auni wadda ke nuna ƙarfin matse noti, da mutum na biyu, domin ba a ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya a ɗaura noti da ɗayan. Idan takardar ta ce sai an cire bamba ko an huda ƙashi, ka nemi bakanike ku yi tare, kai kana riƙe da takardar.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo ba abin tokare mota ba ne, yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka roƙi aron rami a gareji ko wurin wankin mota, da sassafe kafin layi ya taru.

Yaya aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Ka bar salansa ta huce. Ka baje kayan a kan tabarma ka ƙirga su da takarda. Idan safaya a ƙarƙashi take, a sauke ta. A yawancin motoci sai an sassauto salansa: a shafa ruwan sabulu a robobin da ke rataye da ita su zame, amma a fara ɗaure ta da igiya don kada nauyinta ya karya haɗin gaba. Wasu motocin akwai farantin kare zafi ko robar ƙasan bamba da takardar za ta ce a cire ko a ɗan yanke.

Daga nan a share ramukan, mutum biyu su ɗaga ƙarfen, a ɗaura kowane bol da yatsu tukuna. Kada a matse ko ɗaya sai duk sun shiga, an kuma tabbatar ƙarfen ya zauna a tsakiya. Idan ka matse gefe ɗaya da wuri, ramin ɗaya gefen zai ƙi haɗuwa, daga nan ne ake fara dukan ƙarfe da guduma. A wasu motocin babu noti a cikin ƙashin, sai an zura bol da farantinsa ta wani rami a jawo su da siririyar waya da ke zuwa cikin kayan. Kada a cire wayar sai bol ɗin ya ratsa ƙarfen, in ba haka ba ya koma ciki, fito da shi kuma aiki ne. Bayan an matse, a mayar da salansa a duba ba ta taɓa ƙarfen.

Bol ya ƙi shiga, ko ɗaya ya ɓace. In saya a kasuwa?

Idan ya ƙi shiga, galibi tsatsa ce da jar ƙasa suka toshe zaren ramin, shekaru yana buɗe. A fesa mai, a goge da ƙaramin burushi, a gwada da yatsu, a sake. Bol ɗin da ba ya juyuwa da hannu a zagayen farko kada a tilasta shi da sifana, domin notin a liƙe yake a cikin ƙashi, idan zarensa ya lalace ko ya balle gyaransa babba ne.

Idan sai an saya, abu biyu za a duba. Na farko lambar da ke kan bol ɗin, 8.8 ko 10.9, ita ke nuna ƙarfinsa. Wanda ba shi da lamba na ƙofa da gado ne, ba na ƙarfen ja ba. Na biyu zaren: motocin Japan suna yawan amfani da zare mai laushi, M12 mai tazarar 1.25, alhali wanda ya fi yawa a shago mai tazarar 1.75 ne. Kaurinsu ɗaya, amma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ka tafi da ɗan'uwansa a haɗa zare da zare.

Dole ne sai da sifana mai ma'auni? Bakanikena da hannu yake ji.

Dole ne. Hannu yana gane noti ya kama, amma ba ya gane ko ya kai adadin da takarda ta ce. Wanda bai kai ba girgizar hanya za ta kwance shi. Wanda aka saka wa bututu a sifana aka hau da ƙafa ya miƙe ya raunana, kuma ba a gani da ido. Takardun Amurka da ma'aunin ft-lb suke rubuta ƙarfin matsin, na Turai da Nm. Ft-lb ɗaya kusan Nm 1.36 ne, don haka a duba wane layi ake karantawa a jikin sifanar. Masu haɗa inji suna da ita, ana iya ɗaukar mai ita ya zo ya matse a biya shi.

Yaya batun fitilun tirela?

Tirela tana rufe fitilun motarka, don haka dole ta samu nata: na birki, na sigina, da na dare. Soket ɗin Amurka mai baki 4 ne: farar waya ta jiki (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota), ruwan ƙasa ta fitilar dare, rawaya ta hagu, koriya ta dama, kuma birki da sigina waya ɗaya suke bi. Na Turai zagaye ne, mai baki 7 ko 13. Motar da siginarta ta baya ruwan lemo ce daban da fitilar birki tana buƙatar ƙaramin akwatin da ke haɗa su kafin su shiga soket mai baki 4.

A tsofaffin motoci mai wayarin zai iya jona wayoyin ba matsala. A sababbi, inda kwamfuta ke lura da kowane ƙwan fitila, feɗe waya a jona na iya kunna fitilar gargaɗi ko ya ƙona abin da ya fi ƙarfen ja tsada. Su sai da wayarin da aka yi don motar, wanda ake cusawa a bayan fitila, ya ɗauki wutarsa daga batir ta cikin fis. Idan fitilun suna rawa ko suna kamawa tare, a fara duba wayar jiki.

Jami'an hanya fa?

'Yan Road Safety, VIO da KASTLEA (hukumar kula da hanya ta Jihar Kaduna) duk suna aiki a hanyoyin Zariya, kuma fitilu, lamba da lodin da ya wuce ƙa'ida suna cikin abin da suke dubawa. Kafin ka hau babban titi, ka je ofishin lasisi a yi wa tirelar abin da ya kamata na takardu da lamba, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Idan ba ka jan komai, ka zare sandar ƙwallon, kada ta rufe lamba ko ta fasa wa wani ƙauri a kasuwa.

Tirelar tana lilo idan na ɗan taka mota. Ƙarfen ne?

Da wuya. Yawanci lodi ne. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusan kashi 60 cikin 100 a gaban tayoyin tirelar, yadda bakinta zai danna ƙwallon. Ƙa'idar Amurkawa ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar ya hau ƙwallo, amma kada ya wuce abin da aka rubuta wa ƙarfen da motar, wato lambar S da aka ambata a amsar sayen na hannu. Idan kayan sun koma baya, bakin tirelar yana ɗaga bayan mota, lilo ya fara. Idan ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi. Tanki rabin cika ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kai-komo.

Tirelar ta zauna a miƙe, ba kai sama ko kai ƙasa ba. A Turai tsakiyar ƙwallo tana tsakanin santimita 35 da 42 daga ƙasa idan mota na ɗauke da kaya, sai a gaya wa mai ƙera tirelar ya auna da wannan. A kuma sa sarƙa biyu, a gitta su a ƙarƙashin bakin tirelar, don idan ya fita daga ƙwallo su tare shi.

Ja zai lalata mini giya?

Zafi ne ke kashe giyar atomatik, kuma jan kaya a watan Maris da Afrilu, cikin cunkoson Kwangila ko PZ, zafi ne a kan zafi. A tabbatar man giya mai kyau ne, lagireto a wanke, fanka tana aiki. Idan giyar tana ta hawa da sauka, a tsayar da ita a ta ƙasa. Mai ja kullum ya sa a ƙara masa ƙaramin lagireton man giya. A mai kuloci, farantin kuloci ne ke shan wuya a tashi. Birki ma yana cinyewa da wuri, nisan tsayawa kuma yana ƙaruwa, don haka a bar tazara.

Bayan an gama, sai me?

A fara gwaji da tirela babu kaya a hanyar da ba cunkoso, a koyi kwana da komawa baya. Masu ƙera ƙarfen a Turai kan ce a sake matse notuna bayan kilomita 1,000 na ja. A hanyoyinmu ina ba da shawarar a duba tun bayan tafiyar farko mai nisa, kamar zuwa Kaduna da dawowa, sannan a sake bayan damina. A shafa wa ƙwallo ɗan giris a rufe shi da roba saboda ƙurar hunturu. Ƙarfen yana rage tazarar bayan mota da ƙasa, don haka a bi tudun rage gudu da gangaren gidan mai a hankali kuma a karkace. Idan ya daki ƙasa da ƙarfi, a shiga ƙarƙashi a duba bakin walda da wuraren da bol ya kama ƙashi kafin a sake rataya tirela.